Tsoro Ba Hujja Ba Ne: Wa Ya Ba Ƙasa Izinin Riga Maƙiyinta Kai Hari?

Tun daga ranar 13 ga Yunin 2025, da jiragen yaƙin Isra'ila suka auka wa cibiyoyin nukiliyar Iran, Amurka kuma ta bi sahu bayan kwana 9 ta yi luguden wuta a Fordo da Natanz da Isfahan, wata tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a gidajen rediyo da majalisun hira. Shin ƙasa tana da haƙƙin ta riga maƙiyinta kai hari, da hujjar cewa in ba ta yi ba, shi zai yi? Masu cewa tana da shi, karin maganarsu na bakinsu: rigakafi ya fi magani. Masu cewa ba ta da shi su ma ba su rasa tasu ba: zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.

Bari in faɗi matsayina tun ba mu yi nisa ba. Na yarda akwai hali guda, mai ƙunci ƙwarai, da ƙasa za ta iya fara harbi kuma ta kasance mai kare kanta: lokacin da harin maƙiyi ya riga ya taso, babu sauran lokacin shawara, babu wata ƙofa a buɗe. Duk abin da ya wuce wannan, ko da wane suna aka raɗa masa, zalunci ne. Kuma wanda ya fara harbi shi ake bin hujja, ba wanda aka harba ba. Abin da tarihi ya nuna mini shi ne, mafi yawan yaƙe-yaƙen da aka ƙaddamar da sunan rigakafi ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma sun haifar da abin da ya fi wanda aka guje wa muni.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa da gangan, dole a raba su. Mutum ya tsallako katangarka da dare, adda a zare, ya ɗaga hannu zai sare ka. In ka riga shi, babu alƙalin da zai kama ka da laifi. Amma in ka ji labarin maƙwabcinka yana yawan zuwa maƙera, ka ce lallai adda yake sa a ƙera masa, wata rana kuma kai zai sara, sai ka bi dare ka banka wa gidansa wuta, to kai ne mai laifin, ko da a ce da gaske ba ya ƙaunarka. Na farko kare kai ne. Na biyu tsoro ne ya yi masa jagora. Shugabanni da yawa suna aikata na biyu, su zo gaban duniya suna rantsuwa cewa na farko suka yi.

Me doka ta ce? Yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 ta haramta wa ƙasashe amfani da ƙarfi ko barazana da shi a kan juna. Ta bar ƙofa biyu kacal: izinin Kwamitin Sulhu, da kuma kare kai a ƙarƙashin sashe na 51, idan an kawo wa ƙasa hari da makami. Waɗanda suka rubuta wannan ba mutanen da ba su san yaƙi ba ne. Daga cikin tokar Yaƙin Duniya na Biyu suka fito, sun kuma ga yadda kowane mai mamaya yake cewa kare kansa yake yi. Ko a shari'ar Nuremberg, shugabannin Jamus sun ce sun mamaye Nowe a 1940 ne don su riga Birtaniya, kotu kuma ta yi watsi da wannan uzuri.

Ma'aunin da kotun ta yi aiki da shi ya girmi Majalisar da sama da shekara 100. A ƙarshen Disambar 1837, wasu 'yan tawaye masu adawa da mulkin Birtaniya a Kanada sun yi sansani a wani tsibiri cikin kogin Niagara, wani jirgin ruwa mai suna Caroline yana yi musu jigilar mutane da kaya daga gaɓar Amurka. Cikin dare dakarun Birtaniya suka haye kogin, suka tarar da jirgin a ɗaure a ɓangaren Amurka, suka kashe mutum guda, suka cinna wa jirgin wuta, suka sake shi ruwa ya ja shi zuwa gangaren ruwan Niagara mai tsananin zubowa. A wasiƙun da suka biyo baya, sakataren harkokin wajen Amurka Daniel Webster ya gindaya sharaɗin da har yau ake komawa gare shi: dole larurar ta zama ta nan take, mai rinjaye, wadda ba ta bar zaɓi ko lokacin nazari ba, kuma kada martanin ya wuce gwargwadon larurar. Abin lura shi ne, Amurka ce ta shimfiɗa wannan ƙa'ida a lokacin da ita ce mai rauni, Birtaniya ce mai ƙarfi. Da ƙarfi ya dawo hannunta, sai mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Yanzu mu saurari masu ɗaya ra'ayin, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne. Babbar shaidarsu ita ce yaƙin 1967. Suna cewa: a watan Mayun shekarar, shugaban Masar Gamal Abdul Nasir ya kori dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya daga Sinai, ya jibge sojojinsa a can, ya rufe mashigin Tiran ga jiragen ruwan Isra'ila. Ƙaramar ƙasa mai irin wannan faɗi, in ta tsaya jiran naushin farko, wa ya ce za ta tashi? Don haka a safiyar 5 ga Yuni Isra'ila ta ragargaza jiragen yaƙin Masar tun suna ƙasa, cikin kwana 6 kuma komai ya ƙare.

Wannan ne misali mafi ƙarfi da suke da shi, amma ko shi ɗin yana da ɓaraka. Shugaba Lyndon Johnson ya shaida wa ministan harkokin wajen Isra'ila Abba Eban, kafin yaƙin, cewa masu leƙen asirin Amurka ba su ga alamar Masar na dab da kai hari ba, kuma ko ta kai, Isra'ila ce za ta yi nasara. A 1982, Firaminista Menachem Begin da bakinsa ya amsa cewa taruwar sojojin Masar a Sinai ba ta tabbatar da Nasir na shirin kai hari ba, su ne suka yanke shawarar auka masa. Sannan ga tambayar da ba a son a ji: in dai kawar da hatsari ne manufar, me ya sa aka ci gaba da riƙe Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Tuddan Golan sama da shekara 50? Kare kai yana ƙarewa ne daidai inda hatsarin ya ƙare. Kuma nasarar kwana 6 ba ta sayo zaman lafiya ba, sai ma ta haifi yaƙin 1973. Abin da ya kawo kwanciyar hankali tsakanin Masar da Isra'ila shi ne yarjejeniyar 1979 da mayar da Sinai, ba bam ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi tsoratarwa. Suna cewa zamanin Webster zamanin bindigar toka ne. Yau makamin nukiliya guda ɗaya yana iya shafe birni, wa zai jira sai ya ga hayaƙi? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai su kawo misalin 7 ga Yunin 1981, ranar da Isra'ila ta rusa tashar nukiliyar Osirak da Faransa ta gina wa Iraƙi kusa da Bagadaza.

To, mu bi abin da ya biyo baya. Kwamitin Sulhu ya yi tir da harin baki ɗaya a ƙuduri mai lamba 487, har da ƙuri'ar Amurka a zamanin Ronald Reagan. Tashar da aka rusa tana ƙarƙashin sa idon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Bayan harin, Saddam Hussaini bai watsar da burinsa ba. Ya mayar da aikin ƙarƙashin ƙasa, ya zuba masa kuɗi da ma'aikata fiye da da, har sai bayan yaƙin 1991 masu bincike suka gano irin nisan da ya yi a ɓoye. Bam yana rusa gini, amma ba ya goge ilimin da ke kan injiniya, kuma yana ƙara wa wanda aka jefa wa yaƙinin cewa sai da makamin zai tsira. Sauran ƙasashe ma suna kallo. Sun ga Gaddafi na Libiya ya miƙa shirinsa na makamai a 2003, aka kashe shi a 2011. Sun ga Koriya ta Arewa ta gwada nata bam a 2006, har yau babu wanda ya taɓa ta. Wane darasi muke tsammanin za su ɗauka? Ita ma Iran, bayan harin 2025, sai ta dakatar da haɗin kai da masu binciken hukumar. Garin neman gira aka rasa ido.

Amma babu inda wannan aƙida ta nuna ainihin fuskarta kamar Iraƙi a 2003, kuma labarin ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, gwamnatin George W. Bush ta fitar da manufar tsaro a 2002 wadda ta ce Amurka ba za ta jira barazana ta nuna ba, za ta tare ta tun tana tsiro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya razana, wannan kowa ya fahimta. Sai dai razana daban, hujja daban. Cikin shaidun da aka tara har da wasu takardu da ke cewa Nijar ta ƙulla cinikin sayar wa Saddam tan 500 na yuraniyom. Tun a Fabrairun 2002 aka tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai ya bincika, ya dawo ya ce da wuya hakan ta faru, domin a lokacin ma'adinan Arlit suna ƙarƙashin kulawar kamfanin Faransa, irin wannan kaya ba ya fita a sace. Duk da haka, a jawabinsa ga majalisar dokoki a Janairun 2003, Bush ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka.

Da takardun suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya, ba su ɗauki lokaci ba suka gane jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da sa hannun wani ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar sama da shekara 10 kafin ranar da aka rubuta a kanta. Shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya sanar da Kwamitin Sulhu haka a ranar 7 ga Maris. Hans Blix na Majalisar Ɗinkin Duniya da masu bincikensa suna cikin Iraƙi suna neman ƙarin lokaci. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Ina gaggawar take? Wane hari ne ya taso da ba za a iya jiran wata guda ba? Sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya ɗaga 'yar kwalba a gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairu don nuna irin gubar da ya ce Iraƙi na da ita, gwamnatin Tony Blair ta Birtaniya ta ce Iraƙi na iya harba makamanta cikin minti 45, amma da aka mamaye ƙasar aka bincike ta lungu da saƙo, ba a sami tarin makaman ƙare-dangin ba. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya ce yaƙin ya saɓa wa doka. Binciken Chilcot a Birtaniya ya kammala a 2016 cewa an tafi yaƙi tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba. Kafin nan ɗaruruwan dubban 'yan Iraƙi sun mutu, Amurka ta rasa sojoji kusan 4,500, kuma daga cikin ɓaraguzan ne ƙungiyar IS ta taso ta kama Mosul a 2014. An je kashe wutar da babu ita, aka kunna wadda har Tafkin Chadi ta ji zafinta.

Wannan ne tushen matsalar. Duk harin rigakafi yana tsaye ne a kan bayanan sirri, bayanan sirri kuwa mutane ne ke tattara su, mutane ne ke fassara su, kuma sau da yawa sukan kai wa shugaba abin da suka san yana son ji. Yaƙi ɗan zamba ne, zambarsa ta farko kuma 'yan ƙasa ake yi wa ita, kafin a kai ga maƙiyi.

Sai a ce da ni: saurin makaman yau bai bar lokacin tantancewa ba. Ni a ganina wannan saurin shi ne babban dalilin yin taka-tsantsan. A daren 26 ga Satumbar 1983, wani laftanar-kanar na Tarayyar Sobiyet mai suna Stanislav Petrov yana bakin aiki a wata cibiya kusa da Mosko, sai ƙararrawa ta ɗauka, allon kwamfuta ya nuna Amurka ta harbo makami mai linzami, sannan na biyu, har biyar. Ƙa'ida ta ce ya sanar da manyansa an kawo hari. Ya yi tunani: wanda zai fara yaƙin nukiliya ba zai fara da biyar ba. Ya kira ya ce na'ura ce ta yi kuskure. Daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Haka a Oktoban 1962, da aka gano makaman Sobiyet a Kyuba, manyan hafsoshin Amurka sun matsa wa Shugaba John Kennedy ya kai hari tun ba a gama girka su ba. Ya ƙi, ya killace tsibirin ta ruwa, ya buɗe ƙofar magana da shugaban Sobiyet Khrushchev, cikin kwana 13 aka warware. Sai bayan shekara 30 aka bayyana cewa akwai ƙananan makaman nukiliya a tsibirin da Amurka ba ta san da su ba. Da ya bi shawarar hafsoshinsa, wa zai rage ya ba da labari? A waɗannan lokuta biyu, haƙuri ne ya kare ƙasa.

Akwai kuma masu cewa: kai malam, ka bar zancen manyan ƙasashe, mu da ke fama da 'yan bindiga da Boko Haram, sai mu naɗe hannu har su shigo gari? A'a. Wanda ya riga ya ƙone ƙauyuka, ya sace ɗalibai, ya tare hanya, harinsa ya riga ya auku kuma yana ci gaba; bin sa har maɓoyarsa martani ne, ba rigakafi ba. Idan ya tsallaka iyaka, akwai hanyar da ba ta keta hurumin kowa ba, wato yardar maƙwabci, irin wadda aka gina rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi a kanta. Amma ko a nan ɗin, mun ɗanɗana ɗacin harbi bisa zato. A daren 3 ga Disambar 2023, jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne, an zaci 'yan bindiga ne. Idan sojanmu, a cikin ƙasarsa, yana iya ganin taron masu salati ya ɗauka maƙiya ne, yaya za mu amince da wanda yake hango niyyar wata ƙasa daga nisan dubban kilomita?

Hujja ta ƙarshe ita ce ta masu yanke ƙauna. Suna cewa dokar duniya ba ta da haƙori, mai ƙarfi yana yin abin da ya ga dama, don haka zancen banza ne. Gaskiya ne ana karya ta, kuma kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu ta sha kare masu laifi. Amma ku lura, ko Vladimir Putin da ya tura tankoki Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, sai da ya fake da sashe na 51, ya ce yana tare barazanar NATO ne tun ba ta iso ba. Me ya sa mai ƙarfi yake wahalar da kansa neman uzuri, in dokar ba ta da nauyi? Ƙasashe 141 suka yi tir da shi a Babban Zauren Majalisar, kuma NATO ɗin da ya ce yana tsoro ta ƙaru da Finlan da Suwidin. Wanda ya yi tir da Bush ya wanke Putin, ko ya yi tir da Putin ya wanke Bush, ba adalci yake nema ba, ɓangare ya ɗauka. Hujjarsu iri ɗaya ce, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da aka amince cewa tsoro kaɗai ya isa dalilin yaƙi, Indiya da Pakistan, masu nukiliya su biyu, kowacce tana da tsoron da za ta kafa hujja da shi. Mu kuwa ƙasashe masu rauni, da ba mu da garkuwar sama ko kujerar na-ƙi, wannan doka ce katangarmu. Mu ne za mu fi kowa asara in ta rushe.

Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba a nan. Malamai sun karantar da mu, daga Suratul Anfal, cewa ko shugaba ya ga alamun ha'inci daga mutanen da ke da alkawari da shi, ba ya auka musu bagatatan. Sai ya sanar da su a fili cewa alkawari ya warware, kowa ya san inda ya tsaya. Sun kuma karantar da mu, daga Suratul Hujurat, wajibcin tantance labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Wace nadama ce za ta dawo da mutanen Bagadaza ko na Tudun Biri?

Saboda haka, duk shugaban da ya zo yana cewa ya fara harbi ne don ya kare mutanensa, tambayoyi huɗu nake so a yi masa, a kuma dage sai ya amsa. Harin da kake tsoro, ya taso ne, ko hasashen shekaru masu zuwa ne? Ina shaidarka, kuma za ka iya ajiye ta gaban Kwamitin Sulhu da majalisar ƙasarka, wasu da ba yaranka ba su tantance? Wace ƙofar sulhu ka ƙwanƙwasa aka ƙi buɗe maka? Kuma in ka kawar da hatsarin, za ka tsaya nan, ko za ka zarce da kifar da gwamnati da riƙe ƙasar mutane? Wanda ya amsa huɗun nan da gaskiya, ba zan kira shi azzalumi ba. Amma na duba Osirak, na duba Iraƙi, na duba Yukren, ban ga wanda ya haye ko biyu daga ciki ba.

Kare ƙasa wajibi ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A horar da soja, a biya shi haƙƙinsa, a ƙarfafa leƙen asiri, a tsare iyaka, a gyara zumunci da maƙwabta, yadda mai mugun nufi zai duba ya ga babu riba. Wannan shi ne shirin da ya halatta, kuma ya fi araha. 'Yan majalisarmu da malamanmu da 'yan jaridarmu su riƙe wannan ma'auni guda ga kowa, aboki ne ko abokin gaba, na nesa ne ko na gida: wanda ya ce a ba shi izinin zubar da jini saboda abin da bai faru ba tukuna, ya kawo shaida kafin ya harba, ba bayan an binne mutane ba.